Na ci kuɗin maigidana, wani ya sha kora: in shiga ruwan baftisma ko in dakata?

Wasiƙar

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Shekarata 27. Bara na ba da gaskiya ga Almasihu, yanzu ina ajin baftisma, saura mako 6 a yi mana. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Shekara 2 da suka wuce na riƙa ɗibar kuɗin maigidana a wurin aiki kaɗan-kaɗan. Da aka ga giɓi, zargi ya faɗa kan wani abokin aikina, aka sallame shi, ni kuwa na ja bakina na yi shiru. Har yau ina wurin, maigidan ma ya ƙara yarda da ni. Na roƙi Allah gafara ba adadi, amma ban gaya wa kowa ba. Ban da wannan, ina fama da kallon batsa a waya. In na bari mako biyu ko uku sai in koma. Kuma ban taɓa yin kuka wurin addu'ar tuba ba kamar yadda wasu 'yan ajinmu suke yi, har ina tsoron ko zuciyata ta ƙeƙashe. Ina tunanin in janye sunana sai na gyara rayuwata tukuna, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai mahaifiyata ta riga ta gaya wa kowa ranar. Me zan yi?

Amsa

Ɗana, alheri da salama na Ubangiji su kasance tare da kai. Na gode da ka amince ka buɗe mini cikinka. Kada ka janye sunanka a asirce, kada kuma ka shiga ruwan da bakinka a rufe. Ka je wurin fastonka cikin makon nan, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, ba ragi ba ƙari.

Abu uku ka haɗa ka kawo, kana jin kamar nauyinsu ɗaya. Rashin hawaye ba laifi ba ne ko kaɗan. Kallon batsa zunubi ne da kake kokawa da shi. Maganar kuɗin da ta mutumin da aka kora kuwa zunubi ne da kake gadinsa, kuma a nan ne ainihin ciwon yake.

Mu fara da hawayen, don maganarsa gajera ce. Littafi Mai Tsarki bai taɓa auna tuba da ruwan ido ba. Ibraniyawa 12:17 ta ce Isuwa ya nemi albarkar nan har da hawaye, bai samu ba. Yahuza Iskariyoti ya yi nadama mai zafi, ya mayar wa manyan firistoci azurfa 30 ɗin nan, amma nadamar ba ta kai shi gaban Yesu ba, ta kai shi ga rataye kansa. Ka koma ka karanta labarin ɗan nan da ya ɓarnatar da gādonsa a Luka 15, ba za ka ga inda aka ce ya zub da hawaye ba. An ce hankalinsa ya komo, ya shirya abin da zai faɗa wa mahaifinsa, ya tashi ya kama hanya. Bitrus ya yi kuka mai zafi bayan ya yi musun sanin Ubangiji, kuma kukansa na gaskiya ne, kamar yadda na 'yan ajinku ma zai iya zama na gaskiya. Allah dai bai yi mu da hali iri ɗaya ba. Da Bulus yake lissafa alamun baƙin ciki irin wanda Allah yake so a 2 Korantiyawa 7:11, himma ya ambata, da jin haushin laifin, da tsoro, da ɗokin ganin an gyara abin da ya ɓaci. Wanda zuciyarsa ta ƙeƙashe da gaske ba ya rasa barci a kan abokin aikin da aka kora shekara 2 da suka wuce, balle ya zauna ya rubuta wasiƙa irin taka.

Sai maganar waya. Ba zan sassauta mata suna ba, zunubi ce. Yesu ya faɗa a Matiyu 5:28 cewa kallon sha'awa zina ce a zuciya, kuma abin yana cin mutuncin waɗanda ake kallo, yana lalata idon da wata rana za ka dubi matarka da shi. Amma in ka ce sai ranar da ka tabbata ba za ka sake faɗuwa ba za a yi maka baftisma, to, ranar ba za ta zo ba. Ikilisiya ta taɓa shan wannan ciwon. A ƙarni na 4 mutane da yawa sun riƙa ɗage baftismarsu shekara da shekaru, suna tsoron kada su yi zunubi bayanta. Sarki Konstantin na daular Rum bai karɓe ta ba sai a shekarar 337, yana kwance ciwon ajali. Shugabannin ikilisiya irin su Basil na Kaisariya da Giregori na Naziyanzus sun yi wa'azi mai ƙarfi a kan wannan jinkiri, domin sun ga mutane sun mai da baftisma ladar waɗanda suka gama yaƙi, alhali ita ce ƙofar shiga rundunar.

Dubi yadda abin yake tun farko. Ranar Fentikos Bitrus ya tsaya ya ce wa taron su ne suka gicciye Yesu. Maganar ta soke su, suka ce, "'Yan'uwa, me za mu yi?" Ya ce su tuba a yi musu baftisma, kuma a ranar aka yi wa mutum wajen 3,000. Ba wanda ya ce su koma gida su shekara ba zunubi tukuna. Shawulu, wanda ya riƙa jan masu bi zuwa kurkuku, kwana 3 kawai ya yi a makance a Dimashƙu kafin Hananiya ya zo masa, ya ce me yake jira, ya tashi a yi masa baftisma. Wasiƙar Yahaya ta fari kuma, wadda ta ce in mun ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi, in kuwa mun furta zunubanmu Allah mai aminci ne mai adalci zai gafarta mana, masu bi aka rubuta wa ita, mutanen da suka riga suka shiga ruwa suka fito. Bitrus kansa, bayan Fentikos da duk abin da ya gani, ya yi munafunci a Antakiya har Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a.

Abin da ake nema a wurinka shi ne yaƙin ya zama na gaske, kuma kada ka yi shi kai kaɗai. Yakubu 5:16 ta ce mu riƙa furta wa juna zunubanmu, muna yi wa juna addu'a. Nemi namiji ɗaya dattijo cikin bangaskiya, mai riƙe asiri, ka ba shi izinin ya tambaye ka kowane mako ba kunya. Ka lura da lokacin da abin yake kama ka. Yawanci dare ne, mutum ya gaji, yana shi kaɗai, ko ransa a ɓace. Wayar ta daina kwana kusa da gadonka. In ka faɗi, ka tashi a ranar, ka gaya wa Allah, ka gaya wa dattijon, ka je sujada ranar Lahadi. Kunyar da take sa mutum ya ƙaurace wa majami'a wata guda bayan ya faɗi ta fi faɗuwar kanta ɓarna. Ka kuma sa a ranka cewa gwaji ba ya ƙarewa a bakin ruwa. Ubangijinmu daga Kogin Urdun jeji ya nufa, ya yi kwana 40 Iblis yana gwada shi.

Yanzu babbar maganar.

Ka ce ka roƙi gafara ba adadi. Na yarda da kai, kuma ba na shakkar jinƙan Allah. Amma ka tambayi kanka me ya sa kake ta maimaita roƙon, salama ta ƙi zuwa. Lamirinka ya san abin da kake ƙoƙarin mantawa: laifin bai wuce ba. Ɗibar kuɗin ta tsaya shekara 2 da suka wuce, shirun kuwa na safiyar yau ne. Kowace rana maigidanka yana miƙa maka makulli yana ganin amintacce ne a gabansa. Kowace rana kuma akwai wani mutum da yake tashi da sunan ɓarawo a kansa. Ka tsaya ka dube shi da kyau. Ya je neman aiki, an tambaye shi me ya raba shi da wurin da yake dā, ya yi shiru yana neman yadda zai faɗa. Ya rantse wa iyalinsa bai ɗauka ba, wasu sun yarda, wasu sun yarda da baki kawai. Wataƙila akwai gidajen da in ya shiga ake kawar da jaka daga kan kujera. Wataƙila ya sha durƙusawa yana tambayar Allah dalilin da ya sa ya bari aka yi masa haka. Amsar wannan addu'ar a bakinka take, ɗana, kuma kana riƙe da ita.

Dauda ya san wannan halin. A Zabura 32 ya ce lokacin da ya yi shiru ƙasusuwansa sun lalace, ƙarfinsa ya ƙafe, sai da ya daina ɓoyewa ya sami sauƙi. Karin Magana 28:13 ta haɗa abu biyu ga mai neman jinƙai: ya furta laifinsa, ya kuma rabu da shi.

Ka san abin da Yahaya Mai Baftisma ya faɗa wa waɗanda suka zo bakin Urdun? Cewa ya yi su ba da 'ya'yan da suka dace da tuba. Da suka tambaye shi me za su yi, bai ce su ƙara kuka ko su ƙara tsawon addu'a ba. Mai riga biyu ya ba marar ita. Masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kada su yi wa kowa ƙwace, kada su yi wa kowa ƙage, su gamsu da albashinsu. Yana nan a Luka 3:10-14. Ka ga, kuɗin mutane da ƙage, abu biyun da suke wuyanka, su ne ya taɓo wa masu shirin shiga ruwa. Tun a Shari'ar Musa haka yake. Littafin Firistoci sura 6 ta ce wanda ya ci amanar maƙwabcinsa ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sannan ya kawo hadayarsa. Yesu bai soke wannan tsarin ba. A Matiyu 5:23-24 ya ce in kana gaban bagade da baikonka, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Akwai kuma mai tsaron kurkukun Filibi a Ayyukan Manzanni 16, wanda labarinsa yake taɓa ni ƙwarai. Shi ne ya jefa Bulus da Sila can cikin kurkuku, ya sa ƙafafunsu a turu, jikinsu duk tabon bulala. Da ya ba da gaskiya cikin daren nan, ya fara ɗauko ruwa ya wanke musu raunukansu, sannan aka yi masa baftisma shi da gidansa.

Kada ka fahimce ni a karkace. Mayar da kuɗin ba shi zai saya maka gafara ba. Ta wurin alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta faɗa. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, bai biya kowa komai ba lokacin da Yesu ya ɗaga kai ya ce a gidansa zai sauka. Yesu ne ya fara shiga, daga baya Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji bai mayar wa kowa komai ba, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a ranar, amma shi hannuwansa a kafe suke. Naka a sake suke, kuma ka san ƙofar ofishin maigidanka. Wanda Almasihu ya shiga gidansa da gaske ba ya iya ci gaba da zama a kan hakkin wani cikin kwanciyar rai, kuma rashin kwanciyar ran da kake ji, a ganina, aikin Ruhu Mai Tsarki ne. 1 Bitrus 3:21 ta ce baftisma ba wanke dauɗar jiki ba ce, magana ce tsakanin lamiri mai kyau da Allah. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Na san dabarar da za ta zo maka, don tana zuwa wa kusan duk wanda ya shiga irin wannan hali: ka tara kuɗin, ka sa a ambulan ba suna, ka ajiye inda za a gani. Da kuɗi ne kawai matsalar, da mun tattauna wannan. Amma ambulan ba zai wanke sunan mutumin nan ba. Mai yiwuwa ma a ce shi ne kunya ta kama ya dawo da su, ka ga ka ƙara ɗaure shi. Sunansa ba zai wanku ba sai naka ya fito.

Ka samu takarda da biro ka zauna kai kaɗai. Rubuta abin da ka ɗauka, wata bayan wata, gwargwadon yadda ka iya tunawa. Inda ka yi shakka, ka ɗauki adadi mafi yawa. A ƙasa ka rubuta abin da za ka iya biya yanzu, da abin da za ka iya biya duk wata ba tare da ka ci sabon bashi ba. Da wannan takardar za ka je wurin fasto. Kada ka tare shi a bakin majami'a bayan sujada mutane na gaisawa da shi. Ka roƙi ya ba ka lokaci ku zauna ku biyu. In harshenka ya yi nauyi, miƙa masa takardar, ko ka karanta masa wasiƙar da ka aiko mini.

Daga nan sai maigidan, kuma kada ka je kai kaɗai. Fasto ko wani dattijon ikilisiya ya raka ka, don ya zama shaida, ya kuma tsaya kusa da kai. Kafin ku je, yana da kyau ku ji ta bakin lauya mai tsoron Allah, don ka san abin da doka ta ce, a kuma rubuta yarjejeniyar biyan yadda ya kamata. Ba don ka zille wa hukunci nake faɗar haka ba, don ka shiga da idonka a buɗe ne. In kun zauna, ka gajarta magana: "Maigida, kuɗin da suka ɓata shekara 2 da suka wuce ni na ɗauka. Wane bai taɓa komai ba, na bari aka kore shi a kan laifina. Ga lissafin, ga yadda zan biya. Na zo in faɗi gaskiya, abin da ka yanke kuma na karɓa." Kada ka kawo maganar ƙarancin albashi ko matsalar da ta same ka a lokacin, ko da gaskiya ce. Kada kuma ka yi garkuwa da sunan Yesu, kana cewa tunda ka tuba dole a yafe maka. In ya tambaye ka me ya kawo ka bayan asiri ya riga ya rufu, to, nan ne za ka faɗa masa wanda ya hana ka barci.

Ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Kana iya rasa aikin. Maigidan yana iya kai maganar gaban hukuma, kuma hakkinsa ne. Yana iya kuma yin sassauci fiye da yadda kake zato, don mutane da yawa ba su taɓa ganin wanda ya kawo kansa ba tare da an kama shi ba. Ko wanne ya faru, wannan ne nauyin bin Almasihu a gare ka a wannan lokaci, kuma ya kamata ikilisiyarka ta taya ka ɗauka, har da neman wani aikin in ta kai ga haka. Afisawa 4:28 ta ce mai sata ya daina, ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukata, wato akwai rayuwa mai mutunci a gaba. In kuwa tsoro da kunya suka yi maka yawa har ka fara tunanin cutar da kanka, kada ka kwana da wannan tunani. Kira fasto ko dattijon nan a take, ko da tsakar dare ne.

Roƙo ɗaya za ka yi wa maigidan, kuma ba don kanka ba: ya rubuta takardar da ta wanke abokin aikinka, ya kuma sanar da ma'aikatan da suka ji zargin cewa ba shi ba ne. Sannan ka nemi mutumin da ƙafarka. In ya ƙaura, ka bi sawunsa har ka same shi. Wannan zaman zai fi na maigidan zafi. Yana iya zaginka, yana iya korarka, yana iya yin shiru ya zuba maka ido. Ka bar shi ya faɗi duk abin da ya ci masa rai, kada ka katse shi, kada ka karanta masa ayar gafartawa. Ka roƙi gafara sau ɗaya da gaske, ka bar masa lokaci. Yafewa tasa ce, ba bashi ba ce da kake binsa. Ka kuma tuna ya yi hasarar albashi da suna ta dalilinka, don haka ku zauna da dattawa a duba abin da ya wajaba ka yi masa, ko da zai ɗauke ka shekaru.

To, ranar baftismar fa? Ba sai ka gama biya ba. Zakka alkawari ya yi a gaban mutane, Yesu kuwa ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan. Abin da nake ganin ya kamata ya riga ruwan shi ne fasto ya sani, maigidan ya ji gaskiya, an kuma kama hanyar wanke wanda aka zalunta. Mako 6 sun isa wannan. Bayan haka ka bar wa shugabannin ikilisiyarka su yanke. In sun ce ka shiga tare da 'yan ajinku, ka shiga da farin ciki, kada ka ƙara wa kanka wani horon da ba su ɗora maka ba. In sun ce ka jira zagaye na gaba, ka jira ba gunaguni. A ƙarnukan farko akwai wuraren da masu neman baftisma sukan yi har shekara 3 suna koyo, kuma kafin a karɓe su akan tambayi waɗanda suka kawo su yadda zamansu yake, ko suna kula da gwauraye, ko suna ziyartar marasa lafiya. Ka tuna kuma da labarin Saminu mai sihiri na Samariya, wanda aka yi wa baftisma amma Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Jiran da ikilisiya ta sa maka bayan ka faɗi gaskiya daban yake da janyewar da kake shirin yi. Janyewar nan, in ka duba da kyau, hanya ce ta ci gaba da ɓoyewa, don za ta ba ka damar cewa "ban shirya ba" shekara bayan shekara, mutumin nan kuwa yana nan da sunan ɓarawo.

Mahaifiyarka kuma ta ji daga bakinka kafin ta ji a wani wuri. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ma ta roƙe ka ka rufa wa kanka asiri don tana tsoron abin da zai same ka. Ka saurare ta da ladabi, ka gaya mata ka riga ka yanke shawara a gaban Allah, ka roƙe ta ta riƙe ka da addu'a. Sauya ranar biki abu ne da mutane suke mantawa cikin 'yan makonni.

Ba ka faɗi ɗarikarku ba. Katolika da Angilikan da Lutheran suna ɗaukar baftisma a matsayin sakramenti da Allah yake ba da alheri ta wurinsa, suna kuma yi wa jarirai. Baptis da wasu da dama suna yi wa wanda ya riga ya ba da gaskiya ne kawai, ta hanyar nutsarwa, a matsayin shaida da biyayya. Ka koyi abin da ikilisiyarku take koyarwa da kyau, ka yi tambaya a aji. Amma ba ɗarikar da za ta ce maka ruwa yana share hakkin wani da kake riƙe da shi da gangan. Afisawa 4:5 ta ce Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya, kuma Ƙa'idar Bangaskiya da aka kammala a Konstantinoful a 381 ta maimaita baftisma ɗaya domin gafarar zunubai. Rana ce da za ka riƙa waiwaya ka dogara da ita duk lokacin da Shaiɗan ya ce maka kai ba na Almasihu ba ne, shi ya sa ba na so ka bar masa abin da zai riƙa nuna maka a cikinta.

Sauran shirin ba shi da wuya. Ka karanta Romawa 6 a hankali, aya kaɗan kowace rana, har ta zauna maka cewa an binne ka tare da Almasihu, an kuma tashe ka ka yi sabuwar rayuwa. Ka mai da Zabura 51 addu'arka. Ka ɗauki Bishara ɗaya, ko ta Markus don gajera ce, ka karance ta daga farko zuwa ƙarshe, domin kada makonnin nan su ƙare kana kallon zunubinka kaɗai ba ka kalli Mai Ceto ba. Wani tsohon rubutun ikilisiya da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya ce mai karɓar baftisma ya yi azumin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, mai yi masa ma ya yi, da duk wanda ya iya cikin 'yan'uwa. In lafiyarka ta yarda, ka yi, ka roƙi dattijon nan ya taya ka. A ikilisiyoyi da yawa za a tambaye ka a gaban jama'a ko ka rabu da Shaiɗan da dukan ayyukansa; in ka ce i, ka san abin da kake nufi da sunansa. Kada ka damu da abin da za ka ji a ranar. Wasu sukan fito suna kuka, wasu suna dariya, wasu sanyin ruwan kawai suke ji, kuma alkawarin Allah ɗaya ne a kansu duka.

Bayan an yi, an watse, biyan zai ci gaba. Ka tsayar da rana ɗaya a kowane wata, ka biya a ranar ko da wata ya yi maka tsanani, ka karɓi rasit, ka kai wa dattijon da ya raka ka ya ajiye kwafi. In wani watan ya gagara, ka je ka faɗa tun kafin ranar ta zo, kada ka jira a neme ka.